Na gwada auna rugujewar ƙwayar Z daga ɗakina a Kano

Fiziks nake koyarwa a nan Kano. A hutun da ya wuce na sauke bayanan CMS, wata na'urar kama ƙwayoyi a injin gwara ƙwayoyi na LHC, waɗanda cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janeba ta saki kyauta a intanet, don in ga ko zan iya auna tsawon ran ƙwayar Z, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta, da kaina. Laftof da Python sun ishe ni. Saukewar ce kawai sai cikin dare, lokacin da layi ke sakin jiki.

Z ba ta daɗewa balle a gan ta. Abin da na'ura ke kamawa shi ne muon biyun (ƙwayoyi masu kama da elektron amma sun fi shi nauyi) da takan rikiɗe ta zama. Na lissafa nauyin kowane biyu, na zana, sai ga tudu ya taso a 91 GeV (ma'aunin nauyi da ƙarfin ƙwayoyi). Faɗin tudun ne ke nuna gajartar rai: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon saurin rugujewa. Sanannen faɗin 2.5 GeV ne, nawa kuwa ya zarce, domin na'urar ma tana ƙara nata dishi-dishin.

Nan na fi daɗewa. In ka ninka bayanai sau huɗu, kuskuren ƙidaya rabi kawai yake raguwa, dishin na'ura kuwa ko gezau. Masanan LEP, injin CERN mai siffar zobe da ya gabaci LHC, da suka fara auna Z a 1989, sai da suka sa jan wata a lissafi, saboda yana ɗan lanƙwasa zoben mai kilomita 27, har da wutar jiragen ƙasa masu wucewa kusa da Janeba.

To, ina ga ƙwayar Higgs da aka gano a 2012? Nauyinta 125 GeV, faɗin da ake tsammani wajen 4 MeV kacal (MeV dubu ne GeV ɗaya). Auna shi kai tsaye a LHC tamkar ɗora ƙwayar gero ne a sikelin buhu a Dawanau. Shi ya sa ake shirin sababbin zobba: FCC-ee mai kusan kilomita 91 a CERN, da CEPC mai 100 a Sin. Za a gwara elektron da kishiyarsa fositiron a 240 GeV, Z da Higgs su fito tare. In ka auna Z da kyau, ka ƙirga Higgs ko ba ka ga abin da ta zama ba. Wannan dabarar ta fi girman ramin burge ni.

Zango mai zuwa, ɗalibaina da wata ƙwaya, J/psi mai 3.1 GeV, za su fara. Siririya ce ƙwarai, don haka kusan duk faɗin da za su gani na na'ura ne.