Kafin ku buɗe zumuntar masu barin shaye-shaye a cocinku

Ƙannena matasan ikilisiyoyin Wusasa, Samaru da Sabon Gari, na ji da yawanku na shirin buɗe zumunta don masu son rabuwa da giya da ƙwaya. Ina goyon bayanku da zuciya ɗaya. Sai dai mu da muka riga ku shiga aikin mun yi shi a baibai. Mun riƙe makon farko, alhali na likita ne, muka yi sakaci da watannin da ke biye, waɗanda su ne rabon coci.

Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, burukutu ce ko ogogoro ko ta leda, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki a danne, tana ƙara wuta don ta daidaita. In aka janye giyar farat ɗaya, wutar nan za ta tashi babu mai danne ta. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu zai fara rawa, ga gumi, ga amai, barci ya ƙaurace. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Daga kwana na 2 zuwa na 4 wasu kan ruɗe, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, kuma wannan matakin yana kisa. Babban kuskurenmu shi ne ɗora wa irin wannan mutum azumin kwana uku a ɗakin addu'a, da gane-gane ya fara kuma mu ce aljanu ne ke fita. Mashayi dama jikinsa a ƙarance yake da ruwa da bitamin B1, sukarin jininsa na saurin faɗuwa. Azumi a wannan hali tura shi bakin kabari ne.

Don haka duk wanda ya zo, ku fara da tambaya uku. Kullum kake sha? Kana sha da safe don hannunka ya daina rawa? Ka taɓa faɗuwa ko gane-gane lokacin da ka bari? In ya ce e ko da a guda ɗaya, kada ku ce ya yanke a daren nan. Ku raka shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, inda za a sauke shi da magani a hankali. Haka ma mai shan ƙwayoyin sa barci irin su roci ko baliyam kullum, ba a yanke su lokaci guda. Addu'a kuwa ku yi ta a bakin gadonsa, ba wanda zai hana ku.

Tiramol da kodin tafiyarsu daban ce. Barinsu na kawo ciwon gaɓoɓi, zawo, hamma da yoyon hanci na kusan mako guda. Wahala ce sosai, amma haɗarin da ya fi girma yana gaba. Bayan makonni ba sha, jiki ya manta da sabon da ya yi, in mutum ya koma ya haɗiyi adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Ku faɗa wa kowa wannan tun ranar farko, ba ɓoye-ɓoye. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma kun san har yau bai ɓace daga unguwanni ba. In kun tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa na ja da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, ku kwantar da shi ta gefe ku nemi mota. Kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi. A asibiti akwai allurar naloson da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi.

Mari da bulala da kulle ɗaki, kada ma su zo muku a rai, ko iyaye sun roƙa da hawaye. A 2019 'yan sanda sun kwance ɗaruruwan mutane daga gidajen horo a jihar nan ta Kaduna, har da Zariya, an ga irin raunukan da ke jikinsu.

To, bayan an sallamo shi, nan aikinku ya fara, kuma nan muka fi gazawa. Ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous), ta mashaya masu taimakon juna su bar giya, da aka kafa a Amurka a 1935, ta ginu a kan abu ɗaya, mashayin da ya bari shi ya fi iya riƙe hannun mai ƙoƙarin bari. Mu kuwa mun mai da taron namu sujada ta biyu, shugaba ya yi wa'azin minti arba'in, mutanen da aka taru dominsu su tashi ba su ce uffan ba. Ku jera kujeru a da'ira, mutum 6 zuwa 12, awa ɗaya da rabi, rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, ko mutum biyu kaɗai suka zo. Kowa ya samu minti uku zuwa biyar, ba mai katse shi, ba mai yi masa gyara. Ku zaɓi ranar da harabar coci ba kowa, kada ta haɗu da ranar zumuntar mata ko koyon waƙa. Na mata a ware shi, mace ta jagoranta, domin kunyar da ke kan mace mai shaye-shaye a garin nan ta ninka ta namiji. In maƙwabcinku Musulmi ya zo neman taimako, ku karɓe shi ba tare da gindaya masa sharaɗi ba.

Sirri shi ne ran taron. A Wusasa kowa ya san kakan kowa. Hanyar da asiri ya fi tonuwa a coci ita ce "batun addu'a": wani ya ambaci suna a taron dattawa da kyakkyawar niyya, kafin Lahadi labari ya kai kasuwa. Kada ku rubuta cikakken suna a littafi, kada ku ɗauki hoto, kada ku buɗe rukunin WhatsApp da sunan da zai fallasa su. Iyakar sirri guda ce, kuma a sanar da ita tun farko: in ran mutum ko na wani na cikin haɗari, za a nemi taimako.

Mun kuma yi gaggawar miƙa makirufo. Mutum ya yi wata ɗaya ba sha, sai a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida, a yi ta tafi. In ya zame a wata na uku, kunya ba za ta bar shi ya sake tako ƙofar ba. Ku bari ya cika shekara, kuma sai in shi ya nema.

Kuɗi kada ya shiga hannunsa a watannin farko. Ku biya mai magani, mai gida ko makarantar yara kai tsaye. Ku zauna da shi ku rubuta lokutan da ƙishin ke taso masa: ranar albashi, bayan sayar da amfanin gona, biki, Kirsimeti, da tsakanin la'asar zuwa goman dare. A cike waɗannan sa'o'i da aiki, ɗinki ne ko walda ko noman rani. A ba shi aboki guda, jinsinsu ɗaya, wanda zai ɗaga waya ko da tsakar dare. In cocinku na amfani da ruwan inabi mai sa maye a Jibin Ubangiji, ku yi magana da fasto a keɓe tun kafin ranar.

Zamewa za ta faru. Masana sun ƙiyasta cewa mutum 40 zuwa 60 cikin 100 kan koma sha a wani lokaci. Mu mun riƙa sa su a horo, a mayar da su bencin baya, yawancinsu kuma daga nan ba mu sake ganinsu ba. Galatiyawa 6:1 cewa ta yi a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u. Ku je gidansa cikin awa 24, mutum biyu, ku tambayi me ya sha, nawa, kwana nawa. In ya jera kwanaki yana sha, a koma wurin likita kafin ya sake yankewa. Ku ji kuma ta bakin matarsa ita kaɗai. In akwai duka a gidan, kada ku ce mata ta yi haƙuri, ku fara nema mata da yaran wurin kwana tukuna.