Neman ɓoyayyen akwati da GPS a Sansanin Kumasi: inda ake ɓoyewa da inda ba a yi

Wasan nan da ake yi da manhajar Geocaching ya samo asali a jihar Oregon ta Amurka a watan Mayun 2000. Wani zai ɓoye ƙaramin akwati da takardar sa hannu a ciki, ya saka lambobin GPS na wurin a intanet, wasu su bi da wayarsu har su gano shi. Wanda ya samu ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar.

A Kumasi, wurin da zai iya jan hankalin masu wannan wasa shi ne tsohon sansanin nan mai jan bango da ke unguwar Adum. Sarkin Asante Osei Bonsu ya gina na farko a 1820, sojojin Ingila suka rushe shi a 1874, suka kammala na yanzu a 1897. A nan dakarun Asante ƙarƙashin sarauniya Yaa Asantewaa suka tsare Gwamnan Turawa Hodgson a 1900, bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare ta sarautar Asante. Cikin waɗanda aka rutsa da su akwai sojojin da Turawa ke kira Hausawa, don haka mutanen zango ma suna da hannu a tarihin wurin.

Sai dai yau sansanin gidan tarihin sojojin Gana ne. Kada ka ɓoye komai a ciki ko jikin bango. Ƙa'idar wasan ta hana ajiya kusa da wuraren soja, kuma mutumin da ke laluben gindin katanga da waya a hannu, tambaya zai sha, ko fiye da tambaya.

Dabarar da ta dace ita ce mai matakai. Mai nema ya shiga kamar kowane baƙo, ya bi ɗan jagora, ya kwashi lambobi daga allunan bayani: shekarar da ke rubuce a wuri kaza, yawan igwa a tsakar gida. Waɗannan lambobin su ne za su cike gurbin lambobin wurin ƙarshe, inda akwatin yake a waje, da izinin mai wurin. Zaɓi abin da ba ya gusawa. Shekarar da aka sassaƙa a dutse ta fi kayan da ake iya sauya wa ɗaki.

Kuskuren da ya fi yawa na harafi ɗaya ne. Kumasi tana wajen N 6°41′, W 1°37′, wato yamma da layin Girinwic wanda ya ratsa Tema. Ka sa E (gabas) maimakon W (yamma), wayar za ta nuna maka wajen iyakar Togo da Benin, kilomita fiye da 350 daga Kumasi. Sannan kusa da dogon bango sigina na karkacewa, kibiya ta yi ta yawo mita 10 ko fiye. Mai ɓoyewa ya auna sau uku a lokuta dabam-dabam, ya ɗauki tsaka-tsaki. Mai nema kuwa, in ya rage mita 5, ya sa waya aljihu ya yi aiki da ido.

Akwatin ya zama roba mai murfin da ke kamawa gam, takarda cikin leda, da guntun fensir, don biro na bushewa ko ya zuba. Gwangwani ba ya kai ƙarshen damina a Kumasi bai yi tsatsa ba. Ban da alewa ko gyaɗa, tururuwa da ɓera za su riga kowa. Ba a haƙa rami, kuma tilas a bar mita 161 tsakaninsa da wani akwatin, in ba haka ba mai tantance akwatunan wasan ba zai wallafa shi a intanet ba.

Adum cike take da jama'a a ranakun aiki, kuma abin da yaro ya ga an ciro ba ya kwana. Safiyar Lahadi ta fi sauƙi ga matakin ƙarshe.