Gwajin FeNO da kumburin hanyoyin iska a ciwon asma

Ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin hanyoyin iska na huhu suna fitar da iskar naitirik oksaid. Idan kumburi irin na alaji ya kama su, sinadarin IL-13 na garkuwar jiki yakan sa su ƙara fitar da ita, sai ta fito a numfashi. A 1991 aka fara gano ta a numfashin mutum, a 1993 kuma aka nuna ta fi yawa ga masu asma. Wannan shi ne tushen gwajin FeNO, wato gwajin da ake busa na'ura domin auna yawan wannan iska a numfashin da mutum ya fitar.

Yadda ake busawa shi ne komai. Mutum ya ja numfashi ta bakin na'urar har ƙirjinsa ya cika, sannan ya busa a hankali na kusan daƙiƙa 10, gudun iskar na tsaye a mililita 50 a daƙiƙa. Na'urar takan ɗan toshe iskar da gangan domin ganɗa ta rufe hanyar hanci, saboda hanci na da wannan iska mai yawan gaske, kuma idan ta shigo lambar sakamakon za ta hau banza. Busawa da ƙarfi kuwa yana saukar da lambar.

Ana ƙidaya sakamakon da ppb, wato kashi ɗaya cikin biliyan. Bisa ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta 2011, ga babba ƙasa da 25 ƙaramar lamba ce, sama da 50 ya yi yawa; ga yaro kuwa ƙasa da 20 da sama da 35.

A yi gwajin kafin gwajin ƙarfin huhu, domin busawar nan mai ƙarfi tana rage lambar na ɗan lokaci. Kada a ci ko a sha komai awa guda kafin nan. Taba sigari tana saukar da ita. Mura, alajin hanci da ganyaye masu naitiret kamar latas da alayyafo suna ɗaga ta.

A ganina babban amfanin gwajin na wajen majinyacin da aka ɗora wa abin shaƙa na sitiroyid amma lambarsa ta ƙi sauka. Kafin a ƙara masa magani, a sa shi ya shaƙa a gaban ma'aikaci, a kuma tambaye shi sau nawa yake amfani da shi a mako. Sau da yawa nan matsalar take. Ƙaramar lamba ba ta kore asma, domin akwai nau'in da ba na alaji ba, kuma mai shan taba na iya samun kumburi lambarsa na ƙasa da 25.