Abin da hon ɗin mota ya koya mini a aji

Na shekara uku ina koyar da darasin sauti a makarantar sakandare, ina rubuta lissafin masanin kimiyya Christian Doppler a kan allo, wanda yake bayanin yadda sautin hon yake canzawa a kunne idan mota ta zo ta wuce, ɗalibai suna kwafa, kafin wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ma direban yana jin canjin?" Na ce mata a'a, amma da ta nemi dalili sai na ji bayanin nawa bai zauna ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Da yamma na tsaya a bakin titi na kasa kunne. A nan na gane cewa na daɗe ina cakuɗa ƙarfin sauti da kaifinsa, wato sirantarsa ko kaurinsa. Ƙarfin ne yake ƙaruwa sannu a hankali yayin da mota take matsowa. Kaifin kuwa yana tsaye a sama, sai ta gifta sannan ya faɗo. Kunnen Bahaushe ya san wannan faɗuwa, domin ita ce ta raba kuka na hawaye da kuka ta miya.

Dalilin shi ne, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, motar da take tahowa kuma tana bin bayan sautin da ta fitar, saboda haka igiyoyinsa suke matsewa a gabanta, suke warwaruwa a bayanta. Matsewar tana ƙara yawan girgizar da ke isowa kunne, yawan girgiza kuwa shi ne kaifi. Hon mai girgiza sau 400 a daƙiƙa, a motar da take gudun kilomita 100 a awa, zai iso kunne kamar 435, idan ta wuce ya koma kamar 370. Direba tafiya yake tare da hon ɗinsa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, shi ya sa 400 ɗin yake ji.

Doppler ya kawo wannan bayani a 1842 yana magana a kan hasken taurari, amma wanda ya fi burge ni shi ne Buys Ballot na ƙasar Holan, wanda a 1845 ya ɗora masu busa ƙaho a jirgin ƙasa kusa da Utrecht, ya ajiye makaɗa a bakin layin dogo su saurara.

Washegari na ɗaura wayata da igiya, na kunna sauti ɗaya miƙaƙƙe, na riƙa wulwula ta a saman kaina a tsakiyar fili. Yarinyar nan ce ta fara cewa ta ji yana hawa yana sauka, sannan muka koma ga allo.