Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsakanin Kwaɓi da Gashi

Makon jiya mun tsaya a shekarun renon jika. Yau aiki zan koyar, domin abu biyu ne suka cika ranakun hunturu na wancan lokaci: burodin da ake rabawa maƙwabta, da fita tsince-tsince da yarinya 'yar shekara huɗu. Ɗayan ne ya jawo ɗayan. Kwaɓin burodi yana so a ƙyale shi, yaro kuwa muddin yana gida sai ya ɗaga murfi ya caka yatsa.

Ga ma'aunin da ke fitar da ƙananan burodi 6. Fulawa giram 500, wato kofi 4. Yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 4, gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi, bota babban cokali 3, sai ruwan ɗumi kofi 1 da kwata. Ɗumin ruwan kamar na wankan jariri, ki gwada a bayan hannunki. Ruwan da ya ƙona hannu kashe yis yake yi, kuma yawancin burodin da ya fito kamar dutse daga nan matsalarsa ta fara. Ki jiƙa yis ɗin da cokali ɗaya na sukari, ki ba shi minti 10. In bai yi kumfa ba ya mutu, kada ki yi asarar fulawarki a kansa.

Ki tankaɗe fulawa, ki gauraya gishirin da sauran sukarin a cikinta tukuna, sannan ki zuba ruwan yis. Botar a ƙarshe take shiga, bayan kwaɓin ya haɗe jikinsa. Murzawa minti 12 zuwa 15 da tafin hannu, a tura a naɗo. A nan mata da yawa ke gajiya su yi ta barbaɗa fulawa don kwaɓin ya daina manne wa hannu, sai burodi ya yi nauyi. Ki shafa mai a hannu ki ci gaba. Alamar ya murzu: ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali, ya yi siriri har haske na ratsawa bai yage ba. A hunturu fulawa a bushe take, tana iya neman ƙarin ruwa cokali 2 ko 3.

Ki shafa wa roba mai, ki sa kwaɓin, ki rufe da leda ko tsumma mai laima, domin iskar hunturu kan busar da samansa ya yi ɓawon da zai hana shi tashi. Da bazara awa 1 ya isa ya ninka. Da sanyi sai ya kai awa 2. Wannan ne lokacin fita.

A sa wa yaro rufaffen takalmi saboda ƙarangiya da ƙaya, a ba shi ƙaramin kwando ya riƙe da kansa. Ba sai an yi nisa ba, bakin gona ko gindin manyan itatuwa ya wadatar. Ƙarƙashin gawo ya fi ko'ina albarka: shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, 'ya'yansa kuma a nannaɗe suke, launin ruwan goro, sai dai dole ku riga awaki. Akwai kwallon goruba mai sheƙi, da ɓawon tsamiya, da 'ya'yan bagaruwa masu gaɓa-gaɓa kamar carbi, da ɗan kuka wanda in aka girgiza yake ƙara. Gashin zabo kuwa, mai ɗigo-ɗigon fari, yaro kan tsaya ya yi ta ƙirga ɗigon har ya manta da tafiya. Ki bar shi. Ki faɗa masa sunan kowane abu da itacen da ya fito, ya maimaita.

Abin da ba na wasa da shi guda huɗu ne. Idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu baƙin ɗigo, su suka fi ɗaukar idon yaro, kuma guba ne in aka tauna. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Tumfafiya kuwa farin ruwanta na yi wa ido lahani, kada a tsinka. Dutse ma ba a ɗagawa da hannu, da sanda ake juya shi saboda kunama. Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a bar masa duk abin da zai iya shiga bakinsa gaba ɗaya.

Da an dawo, wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kwaɓi. Ki danna shi iskar ta fita, ki raba 6, ki gutsura wa yaro nasa ya mulmula yadda ya ga dama. A jera a gwangwanin da aka shafa wa bota, a rufe minti 30 zuwa 45. Ki danna da yatsa: in gurbin ya dawo a hankali, ya isa. In aka bar shi ya wuce ƙa'ida zai yi tsami, ya kuma kwanta a wuta.

Mai obin ta gasa a digiri 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi ta zuba yashi mai tsabta kaurin yatsu 3 a babbar tukunya, ta rufe ya yi zafi minti 15, ta ɗora gwangwanin a kan murfin ƙarfe don kada ƙasan ya ƙone. Wuta kaɗan, minti 30 zuwa 35, kuma ba a buɗewa kafin minti 20. In saman bai yi ja ba, a ɗora garwashi kaɗan a kan murfin tukunyar. A ƙwanƙwasa ƙasan burodin, in ya yi ƙarar ganga ya gasu.

Sai ya huce sarai ake ƙunshewa. Mai zafi a leda gumi yake yi, daga nan sai fumfuna. Burodin gida kwana 2 zuwa 3 yake yi, don haka ranar da aka gasa ake rabawa. A sa a samira, a rufe da faifai, a raka yaro ƙofar gida ya yi sallama da bakinsa: “Ina wuni Goggo, wai a gaishe ki, ga wannan ba yawa.” Tukwicin da aka ba shi nasa ne.

Kayan kwandon kuma a shanya su kwana 2 a rana don ƙwari su fita, goruba mai huda a yar, gashin zabo a wanke da ruwan sabulu. Kiret ɗin ƙwai na kwali mai gurbi 30 ya dace da ajiya, kowane abu da ɗakinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga shekarar da aka sa yarinyar a makarantar allo.