Neman safar hannun nutso da ta yi wa hannuna daidai

A ruwan da sanyinsa ya kai digiri 5 ko 6, yatsu ne ke fara sarewa. Jiki yana janye jini daga hannu da ƙafa don ya tsare ɗumin ciki, ga shi kuma ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Rigar nutsona ba ta shan ruwa, amma safar hannuna ta niyofirin ce, wato roba mai laushi kamar soso, mai kaurin milimita 5, irin wadda ruwa ke shiga ya zauna. Tun tafiya ba ta yi nisa ba sai ƙugiyar fitila ta gagare ni buɗewa. Mai nutson da ba ya iya murɗa bawul ɗin tulun iskarsa ko danna maɓallin iska kuwa yana cikin hatsari. Wannan ne ya sa na shiga neman busasshiyar safa.

Abu uku ne a haɗe: zoben da ake ɗaurawa a bakin hannun riga, safar roba ta waje, da safar ciki. Ta wajen tare ruwa kawai take yi, ɗumin yana cikin iskar da ta ciki ta riƙe. Don haka na fara da zaɓen ta ciki, ta ulu, domin ulu yana riƙe ɗumi ko da gumi ya jiƙa shi, auduga kuwa da ta jiƙe an gama. Sai da na sa ta a hannu sannan na ɗauko tef na auna.

Lambobin da ake rubutawa a safar aiki a Turai suna da ma'ana. Lambar ita ce kewayen tafin hannu da inci, ba a haɗa da babban yatsa. Lamba 8 milimita 203 ke nan, 9 milimita 229, 10 kuma 254. Tsawon hannu da aka ɗora wa lamba 9, daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya, milimita 192 ne. To a nan gizo ke saƙar. Ni tafina mai faɗi ne, yatsuna gajeru. Safar da ta ɗauki tafina sai ta bar rarar roba tana reto a kan kowane yatsa, in na kai hannu ga ƙugiya robar ce ke shiga bakinta ta maƙale. Wadda ta yi wa yatsuna daidai kuma sai ta shaƙe tafin, ta danne ulun ya kwanta, jini ya ragu. Na shiga ruwa da kowacce don in gani, kuma matsattsiyar ta fi saurin sanyaya hannu, nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce maka ka sayi mai matsewa don ka ji abin da kake taɓawa, tambaye shi a wane irin ruwa yake nutso.

Abin da ya warware mini matsalar shi ne sauya irin robar. Robar PVC, irin ta shuɗiyar safar Showa 660 da aka yi don ma'aikata masu taɓa mai da sinadarai, tana da ƙarko da riƙo, amma ba ta miƙewa sosai, sanyi kuma yana ƙara mata tauri. Lateks, wato robar da ake samu daga ruwan itace, yana bin siffar hannu, sai dai rana da mai suna lalata shi da wuri, wasu kuma fatarsu ba ta ɗaukarsa. Na tsaya a kan lateks mai gajerun yatsu, wanda tafinsa ke buɗewa ya ba ulun wuri. Lamba 9 ta wani kamfani ba lallai ta zo ɗaya da 9 ta wani ba, saboda haka duk wadda ban sa a hannu ba ban yarda da ita ba.

Sai maganar matsin ruwa, wadda ba a iya gwadawa a tudu. A zurfin mita 10 matsi ya ninka, iskar da ke cikin safa ta koma rabi; a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Robar za ta lafe a fata kamar ledar da aka zuƙe wa iska, ɗumi ya tafi. Maganinsa siririn tiyo na silikon da ake cusawa ƙarƙashin robar wuyan hannu, wadda ke hana ruwa shiga riga, don iskar riga ta riƙa wucewa cikin safa. In na ɗaga hannu sama kaɗan sai in ji ɗumi ya hau cikin yatsu. Wasu suna cire robar wuyan hannun baki ɗaya. Ni ban ga hikimar hakan ba, domin ranar da ƙarfe ya huda safa, ruwan har kafaɗa zai kai.

Zobe bai ba ni wahala sosai ba. Na kamfanin Kubi na alminiyam ne, ana yin sa milimita 70, 80, 90 da 100; Antares na kamfanin Si Tech na Suwidin kuma mai siffar ƙwai ne, ba ya cin wuri. Sharaɗin shi ne hannu ya wuce da safar ciki a jikinsa ba da kokawa ba. Kafin in rufe ina duba siririyar robar zoben, mai tare ruwa, da kyau, don silin gashi ɗaya ko zaren ulu ya isa ya jawo yoyo.

Yanzu duk safar da zan ɗauka, sai na sa ta da ta cikinta, na dunƙule hannu, na buɗe ƙugiya da hannu ɗaya, na kai hannu bayan wuya na murɗa bawul, na zaro wuƙa na mayar. In kan yatsa ya naɗe ko tafi ya ja, na ajiye ta. Guda biyu nake saye a lokaci ɗaya, ɗayar ta zauna a jaka tare da robar zobe ta canji.