Abin da Jiƙo Zai Iya Yi wa Hantar Mai Feshi, da Abin da Ba Zai Iya Ba

Duk wanda aiki ya haɗa shi da manoman rani na Kadawa da Kura, ko masu ajiyar wake a Dawanau, ya san tambayar da ba ta ƙarewa: wane jiƙo mutum zai sha ya wanke masa hanta bayan feshin maganin ƙwari? Mai tambayar kuma yakan zo da amsarsa a aljihu. Wani nono yake sha, wani cokalin manja, wani garin zogale a kunu, wani saiwar rawaya da ya jiƙa tun daren jiya. Darasin da ya fi wuyar karɓa a wannan fage shi ne, tambayar ce da kanta take da gyara.

Mafi yawan maganin ƙwarin da ke kwantar da mutane a asibiti ba ta hanta yake kisa ba. Fiya-fiya da Sniper, waɗanda sinadarinsu ake rubuta shi DDVP a jikin kwalba, da danginsu irin su kulofirifos, jijiyoyi suke kamawa. Akwai wani sinadari a jiki mai kashe saƙon jijiya da zarar ya isa inda aka aike shi. Gubar takan toshe wannan sinadari, sai saƙo ya yi ta bugawa babu tsayawa. Shi ya sa za a ga mutum yana dalalar miyau, hawaye da gumi na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, ga amai da gudawa, ƙirji yana kakari. Numfashi ne ke yankewa, kuma cikin sa'o'i kaɗan. Farakwat, maganin ciyawar da aka fi sani da Gramoxone, yana taɓa hanta da ƙoda a kwanakin farko, amma huhu yake ƙarasawa. Ƙwayar Phostoxin ta buhun hatsi zuciya take fara durƙusarwa. Wanda ya tsaya neman sassaƙen hanta a irin wannan hali, jaki ya bari yake dukan taiki.

Wannan ba ya nufin hanta ba ta da ruwa a ciki. Ita ce ke sarrafa duk abin da ya shiga jini, kuma mai feshi na shekara da shekaru yana ɗora mata kaya. Amma aikinta yana da wani ɓangare da mutane ba su zata ba. Kulofirifos da kansa bai kai ƙarfin abin da yake zama bayan hanta ta taɓa shi ba. Hanta ce ke juya shi ya koma nau'in da ke kama jijiya sosai, sannan wani sinadari na daban ya zo ya karya wannan ɗin. Saboda haka idan aka ce ganye kaza yana “ƙara wa hanta kuzari”, sai a tambaya: wane ɓangaren aikin yake hanzartawa, mai kaifafa gubar ko mai karya ta? Mai tallar jiƙo a bakin kasuwa ba shi da amsar wannan.

To daga ina maganar kariyar ganye ta samo asali? Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. An yi gwaje-gwaje masu yawa a jami'o'i, har da namu na gida, a kan zogale, kurkum, tafarnuwa, habbatus sauda, shuwaka da zoɓo. Tsarin kusan iri ɗaya ne. A raba ɓerayen gwaji rukuni-rukuni, a ba wasu guba kaɗai, wasu guba da tacaccen ganye, bayan makonni a auna ALT da AST, wato sinadaran da ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. Sau da yawa ana samun ɓerayen da suka sha ganye adadinsu bai hau sosai ba. Dalilin yana da ma'ana: guba na haddasa wani irin tsatsa a cikin ƙwayoyin jiki, ganyayyakin kuma suna ɗauke da sinadaran da ke rage wannan tsatsa.

Wanda ya saba karanta irin waɗannan rahotanni yakan fara duba abu uku. Na farko, yaushe aka ba da ganyen? A yawancin gwaje-gwajen, ana fara bayarwa ne kafin gubar ko tare da ita, ba bayan ɓera ya faɗi ba. Na biyu, nawa aka bayar? Ƙa'idar mayar da awon ɓera zuwa na mutum ita ce a raba shi da 6.2. Idan an ba ɓera miligiram 400 a kowane kilo na nauyinsa, na mutum zai kama kusan miligiram 65 a kilo, wato wajen giram 4 a rana ga mai nauyin kilo 60. Kuma wannan tacacce ne da aka tsotso da sinadari a ɗakin gwaji. A ƙaddara kashi ɗaya cikin goma ake samu daga busasshen ganye, to ana maganar giram 40 na gari ke nan kullum, ya haura cokali biyar na cin abinci. Ɗan barbaɗen da ake yi a kunu bai kama ƙafar wannan ba. Na uku, me aka auna? Saukar adadi a takardar gwaji daban, tsirar rai daban.

Ganyen da ya fi kowanne hujja a wannan fage ba ma namu ba ne. Wata ƙaya ce mai fure ja-ja da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, wadda ake ciro wani sinadari mai suna silimarin daga irinta. A Turai ana amfani da tacaccen nau'insa ta jijiya ga wanda ya ci wani mugun naman kaza mai lalata hanta. A lura, ta jijiya, a asibiti, kuma ga guba guda takamaimai. Na haɗiya hanji ba ya tsotsarsa sosai. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2012, an ba masu ciwon hanta nau'in C miligiram 420 ko 700 sau uku a rana har mako 24, kuma ALT ɗinsu bai sauka fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar banza ba. Idan gwarzon fagen ke nan, sai a san yadda za a auna sauran.

Rawaya ta daɗe a hannun masu maganin gargajiya a kan shawara, kuma an gwada ta a dabbobi. Matsalarta ga mai feshi ita ce jinkirin da take jawowa. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, sai a ce shawara ce, a yi mako biyu ana jiƙo. Shawara alama ce, ba cuta guda ba. Tana iya zama ciwon hanta nau'in B, ko toshewar hanyar matsarmama, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko guba. Kowanne da maganinsa, kuma gwajin jini ne ke rarrabe su.

Wasu ganyayyakin ma su ne ke kawo ɓarnar. Irin rai-ɗore an tabbatar ya lalata hanta da ƙwaƙwalwar yara a arewacin Indiya, inda suke tsinta suna ci. Man darbejiya yana da haɗari ga ƙananan yara idan an ɗura musu. Kurkum na cikin miya ba shi da laifi, amma ƙwayoyinsa na kanti da ake haɗawa da sinadarin barkono baƙi, domin hanji ya tsotse shi ninkin ba ninkin, an samu mutanen da suka kamu da kumburin hanta dalilinsu, musamman a Italiya a 2019. Ga kuma abin da ba a cika tunawa ba: ganyen da aka tsinko a gefen gonar da aka yi wa feshi jiya, ko saiwar da ta yi fumfuna a buhu, da nasu dafin suke zuwa.

Matsayin zogale, zoɓo, tafarnuwa da shuwaka shi ne na abinci. A ci kwaɗon zogale, a sha zoɓo, jiki ya samu abin gina kansa. Jikin da ke ƙoshe ya fi na mai yunwa jure wahala. Iyakar abin ke nan.

Nono da manja su ne suka fi ba ma'aikatan lafiya ciwon kai. Yawancin magungunan ƙwari a cikin mai suke narkewa, don haka maiƙo na iya taimaka musu shiga jini. Sannan ana narka su ne a cikin wani ruwa mai kama da kananzir. Idan aka ɗura wa mutum abu ya yi amai, ko aka sa masa yatsa a maƙogwaro, wannan ruwan na iya sarƙewa ya gangara huhu. Abin yi ga wanda guba ta kama shi ne a janye shi daga wurin zuwa iska, mai taimako ya sa safar hannu ko leda, a tuɓe masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. Idan hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi ta gefen hagu, kai ya ɗan yi ƙasa, kada a ba shi komai ta baki. A ɗauki kwalbar ko takardar jikinta a tafi da ita asibiti, domin sunan sinadarin ne zai nuna wa likita hanya. Ga dangin fiya-fiya akwai allurar atrofin, wadda ake maimaitawa ana ninkawa har ƙirji ya bushe. Ga farakwat kuwa, ko iskar oksijin ba a gaggawar sakawa, saboda tana ƙara ƙona huhu. Gawayin da ake bayarwa a asibiti na musamman ne, yana aiki a sa'ar farko, kuma gawayin murhu ba ya maye gurbinsa. Ko mutum ya farfaɗo, kada a yi saurin neman sallama, domin raunin tsokar wuya da ta numfashi na iya dawowa tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu.

Mai feshin da ke son sanin halin hantarsa, ya fara da gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a yankinmu kuma yakan zauna shekaru ba alama. Idan babu, akwai rigakafi allura uku. Sai gwajin ALT, wanda a mafi yawan ɗakunan gwaji ba a so ya wuce wajen 40. Ya guji gyaɗa da masara masu fumfuna. Ya kuma lura da farasitamol, domin ciwon kai ne ke biyo bayan feshi, kuma da shi ake kashe shi. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a kwana ɗaya, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki ba tare da mutum ya lissafa ba. Mai shan giya ko mai ciwon hanta, iyakarsa ta yi ƙasa da haka.

Gubar da ba ta shiga ba, hanta ba ta da aikin yi a kanta. Ta fata ta fi shiga, kuma lokacin haɗawa ya fi lokacin fesawa haɗari, domin a nan ne ake taɓa ta da kaurinta. Fatar matsematsi tana shan guba fiye da sau goma a kan ta damtse, saboda haka wandon da ya jiƙe daga famfon goyo mai yoyo, ko fita fitsari ba a wanke hannu ba, ba ƙaramin abu ba ne. Safar hannu ta roba ake so, ta yadi tsotsewa take yi ta riƙe. Ba a busa bakin famfo da baki idan ya toshe. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayan mutum. Jan layi a ƙasan takardar kwalba shi ne mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. A takardar kuma an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfanin gona, wanda masu tumatir da yawa ke tsallakewa idan kasuwa ta yi kyau.

Na masu zuba wa wake maganin ƙwari don ajiya ya fi sauƙin gyara. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a cikinsa, kuma irin waken ne muke dafawa a gida. Buhun PICS mai ruɓi uku ba ya buƙatar magani ko kaɗan. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A bari wake ya bushe sarai, a hura kowace leda a tabbatar ba ta da huda, a zuba, a matse iska, a ɗaure ta ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki iska ce za ta ƙare musu. A ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta mayar da shi buhu na yau da kullum.